Seven Samurai ko Harakiri: wanne za ka fara kallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Seven Samurai da Harakiri wanne ya fi, kuma wanne masu sharhin fim suka fi yabawa. Duka biyun fina-finan Japan ne, kuma na kalle su, ba sau ɗaya ba.

Seven Samurai na Akira Kurosawa ne, ya fito a 1954, tsawonsa minti 207. 'Yan fashi ne suka addabi wani ƙauye, suna jiran kaka su zo su kwashe amfanin gona. Sai manoman suka fita neman samurai, wato mayaƙan Japan na da, waɗanda ba su da ubangida, ladansu abinci kawai. Wurin da ya taɓa min zuciya shi ne inda ake dafa wa baƙin shinkafa, manoman su koma gefe su ci gero. Ga kuma yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama, dawakai na zamewa a taɓo, ɗan wasa Toshiro Mifune na ihu kamar zai fasa ƙasa. Fim ɗin ya ci kyautar Zakin Azurfa a bikin fina-finai na Venice. Amma a gida Japan, mujallar fina-finai ta Kinema Junpo ta ajiye shi na uku a shekarar, wasu kuma na cewa Kurosawa ya cika salon Turawa. Amurka ta sake yin labarin a 1960 da sunan The Magnificent Seven.

Harakiri kuwa, na Masaki Kobayashi, 1962, ba ya yabon samurai ko kaɗan. Labarin a 1630 yake, lokacin da yaƙi ya ƙare, mayaƙa suka koma yunwa. Ɗan wasa Tatsuya Nakadai, a matsayin mayaƙi marar ubangida, ya zo gidan sarautar Ii yana roƙon a ba shi wuri ya farke cikinsa, wato harakiri, sai aka ba shi labarin wani matashi da ya riga shi zuwa, wanda talauci ya sa takobinsa na gora ne, aka tilasta masa ya kashe kansa da shi. Wallahi wurin nan sai da na kau da kai. Fim ne na zaune, magana ce a tsakar gida, amma kowace kalma tana tona asirin manya masu fakewa da mutunci suna zaluntar na ƙasa. A bikin fina-finai na Cannes, 1963, ya samu kyauta ta musamman ta alƙalai.

Ka fara da Kurosawa, don ka ga darajar da ake ba samurai, sannan Kobayashi ya nuna maka abin da ke ƙarƙashinta. Ni Harakiri ne ya hana ni barci, kuma ba na so ka kalle shi da yara.