Zaɓen mai shirya bikin bar mitzvah ko bat mitzvah: wa za a ɗauka?

A addinin Yahudawa, yaro kan yi bar mitzvah, wato bikin balaga a addini, yana shekara 13, yarinya kuma bat mitzvah tana 12, ko 13 a majami'un Reform, ɓangaren masu sassaucin ra'ayi. Ibadar, wato karatun Attaura a gaban jama'a, tana hannun majami'a. Walimar da ke biyo baya ce ake nema wa mai shiryawa, kuma a Amurka manyan majami'u kan ba iyali rana tun saura shekara biyu ko uku.

Masu wannan sana'a iri uku ne. Akwai mai ɗaukar komai, daga neman ɗakin taro, masu abinci, DJ, kayan ado har katin gayyata. Yakan yanke kuɗi dunƙule ko ya karɓi kaso, sau da yawa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin bikin. Akwai mai shigowa ana saura makonni kaɗan, ya tattara kwangilolin da iyaye suka ƙulla, ya tsara lokuta, ya tsaya a kan aiki ranar biki. Ga iyayen da suka san gari kuma suna da lokaci, wannan ya wadatar. Na uku shi ne jami'in da otal ke bayarwa "kyauta". A tuna albashinsa otal ke biya: kicin da kujeru zai kula, ba motar da za ta kwaso yara daga majami'a ba.

Ko wanne aka zaɓa, a fara gwada shi da kalanda. Shabbat, ranar hutun Yahudawa da masu kiyaye ta ba sa aiki ko kunna kiɗa, na kamawa daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa duhun daren Asabar. A New York cikin Yuni ba ya fita sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka wanda ya ce a buɗe walima da kiɗa ƙarfe 7 na yammacin Asabar bai san aikin ba, muddin akwai masu kiyaye Shabbat cikin baƙi. Gara a koma Lahadi. Majami'un Orthodox, masu tsananin riƙo da dokokin addini, ba sa barin ɗaukar hoto ranar Asabar, sai a yi hotuna a ranar gwaji cikin mako. Akwai kuma kwanakin da masu riƙo da addini ke guje wa kiɗa, kamar makonni uku kafin azumin Tisha B'Av.

Sai kicin, inda aka fi samun ɓaraka. Kosha, wato dokokin abincin da ya halatta ga Yahudawa, ba rashin naman alade kaɗai ba ne. Ba a haɗa nama da madara a cin abinci ɗaya, saboda haka in naman sa ne a tebur, kek mai man shanu da askirim sun fita, sai kayan zaƙi na pareve, marasa nama da madara. A tambaya: wace hukuma ce ta ba mai abincin shaida, kuma mashgiach, mai sa ido kan girki, zai tsaya a wurin? Kuɗinsa na cikin lissafi? "Salon kosha" da wasu ke tallatawa ba shi da shaidar kowa, kuma kawun da ya taso daga Isra'ila yana iya zama da ruwa kawai.

Walimar ma biki biyu ce a ɗaki ɗaya: yara 'yan shekara 13 da ke son wasa da kiɗa mai ƙarfi, da kakanni masu son hira. Gwani zai nesanta teburin tsofaffi daga lasifika, ya sallami yara da abinci da wuri, ya tanadi kujera mai hannu, mai ƙwari, don ɗaga mai bikin a hora, rawar da'ira ta Yahudawa. Kujerar naɗewa tana iya rufewa da shi a sama.

Kafin a ba da kafin alƙalami, a sa a rubuce ko yana karɓar la'ada daga 'yan kasuwar da yake kawowa, ko shi da kansa zai zo ranar ko yaronsa zai turo, biki nawa ya karɓa a wannan ƙarshen mako, da nawa za a mayar in an ɗage rana.