Kafin ki sayi man zaitun da kayan Larabawa a Accra

Shekara uku ke nan da likita ya ce wa Hajiyarmu ta rage manja saboda hawan jini, tun daga lokacin sayen man zaitun ya zama aikina a gida. Daga man zaitun na shiga ɗahiniya, wato niƙaƙƙen riɗi, na shiga burgul, wato ɓarzajjiyar alkama, da waken humus (chickpea) da dabino, har ta kai matan unguwarmu a Mamobi sukan tare ni su ce, "Yaya, ina za mu samu na kirki?" To ga amsar a wuri ɗaya, musamman ga masu shirin azumi.

Wurare huɗu ne a gabanki: manyan kantuna, kasuwar Nima, masu talla a WhatsApp, da ƙananan shagunan 'yan Labanan, waɗanda kakanninmu ke kira Kwarori. Mutanen nan sun haura shekara ɗari a ƙasar nan ta Ghana, wasunsu a Accra aka haifi iyayensu, shi ya sa kayan abincinsu ba baƙo ba ne a unguwar Osu da kewaye.

Manyan kantuna irin su Koala, MaxMart a unguwar 37, Melcom da Accra Mall suna da sanyi da tsabta, farashi a rubuce, a kuma ba ki rasit. Amma kaya a rufe suke, ba ɗanɗanawa, kuma ke za ki zama malamar kanki wajen karanta kwalba. Kasuwar Nima ranar Laraba ba ta da na biyu a kayan yaji, riɗi, wake da busasshen dabinon da ake kawowa daga arewa. Ki sayi waɗannan a can da olonka, wato gwangwanin awo, ki yi ciniki son ranki. Man zaitun dai ba na sayensa a rana. Masu WhatsApp kuwa, da su na ƙone, zan zo kansu.

Ni ƙaramin shago nake zuwa, wani da ke bayan babban titin Osu, mallakar wani dattijo ɗan Labanan da matarsa. Ba shi da faɗi, mutum biyar suka shiga ya cika. Abin da ya fara kama ni ranar farko shi ne bokitan zaitun: kowanne da murfinsa, kowanne da ludayinsa, ruwan gishirin ya rufe 'ya'yan gaba ɗaya, babu farar fatar nan da ke tasowa a sama idan an bar shi ya kwana biyu a buɗe. Yarinyar da ke awo ta sa leda a hannu kafin ta taɓa cuku, kuma ba ita ke karɓar kuɗi ba. Sikelin yana fuskantar mai saye, sai ta ɗora robar da babu komai ta mayar da shi sifili a gabanki, sannan ta zuba. Ƙaramin abu ne, amma duk wadda ta taɓa biyan kuɗin roba da ruwan gishiri a farashin zaitun ta san daɗinsa.

Na tambayi dattijon ko yana da janareta, ya kama hanya ya nuna mini shi a bayan shago. Wannan tambayar kada ki ji kunyar yin ta a ko'ina. Cukun halumi da labna, wato yogot ɗin da aka tace ya yi kauri, ba sa jure ɗumi, kuma mun san halin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Firij ɗin da ya mutu da dare ya tashi da asuba ba zai faɗa miki ba, amma murfin roba da ya kumbura zai faɗa, haka ma ƙanƙarar da ta narke ta sake daskarewa a cikin leda. Abu na biyu da na tambaya shi ne injin yanka nama. Ba kowane ɗan Labanan ne Musulmi ba, akwai Kirista da yawa, kuma wasu shagunan na sayar da naman alade da aka sarrafa. Idan injin ɗaya ne ke yanka shi da cuku, ki bar na yankan ki ɗauki na rufe. A nan shagon ba sa ajiye shi ko kaɗan.

Sai maganar mu'amala. Wata rana na kai burgul gida, na juye a tire na ga ƙwari suna yawo. Washegari na mayar, raina a ɓace, na shirya faɗa. Matar ta duba, ta ce, "Hajiya, yi haƙuri, laifinmu ne," ta ba ni wani, sannan a gabana ta sa aka sauke sauran buhun daga kan kanta. Ita ce ma ta koya mini in riƙa sa burgul da waken humus a firiza na 'yan kwanaki kafin in zuba a kwalba, don laimar Accra ba ta barin hatsi ya zauna lafiya. Gyaɗar Larabawa ma, irin su fustuƙ da lauz, sai sun ba ki kin ɗanɗana. Idan kika ji ɗaci ko warin tsohon mai, ta tsufa, komai kyan idonta.

Farashi fa? Ba su fi kowa araha ba, kuma ba zan ce haka ba. Kayan gwangwani da taliya sau da yawa sun fi sauƙi a manyan kantuna, can nake sayensu. Komai na shagon da dala ake shigo da shi, don haka ranar da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi sai farashi ya motsa. Waɗanda suka yi cefane a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, sun tuna yadda alƙalami bai huta a kan kanta ba. Ribar ƙaramin shago ita ce za a auna miki gram 200 idan shi kike buƙata, ba sai kin ɗauki kilo ya lalace ba. Ki riƙa lissafi da lita ko kilo, don kwalbar mililita 750 da ta lita ɗaya kusan tsayinsu ɗaya a ido.

Yanzu ga inda na ƙone. Ana saura mako guda azumi, wata mata a wani zauren WhatsApp ta sa hoton man zaitun na lita biyar, ta ce kai tsaye daga jirgi, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Na tura kuɗin ta MoMo, wato ta waya, ɗan okada ya kawo. Gwangwanin ya yi kyau, har da hoton reshe da rubutun Larabci. Da na zuba, ba ƙamshi, ba ɗanɗano, man girki ne kawai da aka ba shi ɗan launin kore. Hajiya ta yi kwana goma tana shan cokali da sahur tana zaton magani take sha. Da na kira matar, sai ta toshe lambata. Kuɗin bai dame ni kamar wannan kwana goman ba.

Da na yi tunani, farashin kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da man zaitun, kuma farin da aka yi can a 2022 da 2023 ya rage amfanin gonar ƙwarai, farashi ya tashi a duniya baki ɗaya. Mai sayar da shi a rabin kuɗi a Accra daga ina ta samo? Kuma a ƙasar nan kasuwarsa babba ce: mu muna sha muna shafawa muna ruƙya da shi, coci-coci na sayensa don shafe mabiya. Inda ake shafawa ba a ɗanɗanawa, shi ya sa ƙananan kwalaben da ake jerawa a bakin titi suka fi komai haɗari.

Ki karanta gaban kwalbar da kyau. Wanda aka rubuta extra virgin shi ne matsin farko ba tare da sinadari ba, tsaminsa ba ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari. Wanda aka rubuta pomace daga tunkuzar zaitun aka ciro shi da sinadari, a tace, a ɗan haɗa da mai kyau. Ana soya da shi, amma ba shi ne na sha ba, kuma sau da yawa kalmar ƙanana ake rubuta ta. Idan kika juya baya kika ga an ambaci man sunflower ko waken suya, gauraye ne. Ki nemi lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da sunan kamfanin da ya shigo da shi da adireshinsa. Ki murza ranar ƙarewar wa'adi da yatsa: idan tawadar ta goge, ko kika ga an manna takarda a kan wata, ki ajiye. Murfin ya kasance da zobensa bai karye ba. Kwalba mai duhu ko gwangwani ya fi, domin haske da zafi ne ke kashe man, wanda ya wuni a tire cikin zafin rana a kasuwa ko na gaskiya ne ya riga ya mutu.

Gwajin firij da ake yaɗawa, wai na gaskiya sai ya daskare, kada ki dogara da shi, gaurayayye ma yakan yi. Launi ma ba shaida ba ne. Bakinki ya fi: mai kyau yana da ƙamshin ɗanyen ganye, ɗan ɗaci a harshe, da yaji a maƙogwaro da kan sa mutum tari. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan a yi wa mai algus, a 2015 hukumar FDA ta gano rinin Sudan IV a cikin manjan kasuwannin Accra.

Dabino ma a kula. Wanda ke ƙyalli yana manne wa yatsa yawanci ruwan sukari aka shafa masa, a kwalin Deglet Nour na Tunisiya akan rubuta hakan a gefe, kuma mai ciwon suga ya kamata ya sani. Ajwa ta Madina ƙarama ce, baƙa, mai tsada, duk wanda ya tara miki ita a faranti da arha wani dabinon ne ya canza wa suna. Ki ɓare guda biyu ki duba cikin kafin a ɗaure leda. Ɗahiniya kuma idan mai ya taso samanta ba lalacewa ba ce, haka riɗi yake, ki juya da cokali. Ki dai duba bayan kwalbar ki ga riɗi kaɗai aka rubuta.