Ƙafar gaba ta karkace: Land Rover 109 da tsohuwar Pajero ba gyaransu ɗaya ba

Malam, ka ce ƙafar gaba ta dama a Land Rover ɗinka Series III mai inci 109 ta kwanta ciki daga sama, tayar tana cinyewa ta gefen ciki. Ka kuma ce tsohuwar Pajeron yayanka ta taɓa yin haka, mai alaimen ya daidaita ta cikin awa guda, amma da ka kai taka sai ya ce babu wurin sa sufana. Bai yi maka ƙarya ba. Motocin biyu duk masu jan ƙafa huɗu ne, amma ƙirar gabansu ta sha bamban.

Pajero ta farko, wadda ta fito a 1982, kowace ƙafa ta gaba cin gashin kanta take yi: hannu biyu, na sama da na ƙasa, da sandar ƙarfe mai murɗewa a madadin sifirin. Kambarta, wato karkatar taya ciki ko waje idan ka tsaya a gaban motar, ana gyara ta da siraran ƙarafan shim da ke bayan hannun sama. A ƙara ko a rage, shi ke nan. Sai dai ko a nan ba da shim ake farawa ba. Idan sandar ta gaji, gaban motar ya sauka, kamba tana canzawa da kanta, don haka tsayin gefe biyu ake fara aunawa, sannan a duba boljoyin da bushin.

Series III kuwa, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, aksul guda ne ya ratsa daga wannan ƙafa zuwa waccan, a kan sifirin mai falle-falle. Kambarta a jikin ƙarfen aka gina ta tun daga masana'anta: digiri ɗaya da rabi, saman taya ya ɗan leƙo waje. Babu notin da zai ƙara ko ya rage. Ko sifirin ya kwanta, jikin motar ne zai jirkice, aksul da tayoyinsa suna nan yadda suke a kan ƙasa. Saboda haka idan ka ga ƙafarta ta kwanta ciki, ɗayan biyu ne: ko wani abu ya cinye, ko wani abu ya lanƙwashe.

Kafin komai, shafa tayar da tafin hannu daga ciki zuwa waje, ka dawo. Idan ka ji haƙoranta suna kartar hannu ta gefe ɗaya, suna santsi ta ɗayan, wannan aikin tayarod ne, bakin tayoyin bai daidaita ba. A wannan motar gaban tayoyin ya kamata ya fi bayansu matsowa juna da milimita 1.2 zuwa 2.4, kuma wannan kam mai alaimen yana iya gyarawa. Cin kamba sumul yake, gefe ɗaya kawai yake gogewa. Mutane da yawa suna ɗora wa kamba laifin tayarod.

To, sai jak. Ɗaga ƙafar, ka tokare aksul da abin da ba zai zame ba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, sa wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace? Boris ɗin ƙafa ne ya saki, a ɗaure notinsa ko a sauya shi, aikin yini ɗaya bai kai ba. Motsin yana nan duk da birki? To, matsalar tana cikin ƙwallon nan mai sheƙi da ke bayan taya, inda ƙafar take juyawa. Fil biyu ne ke riƙe da shi: na sama yana zaune cikin bushin da ake kira Railko, na ƙasa a kan boris. Bushin nan ya fi saurin cinyewa, musamman idan man giya da ke cikin ƙwallon ya tsiyaye, ƙura da ruwa suka shiga. Leƙa bayan tayar yayin da yaron gareji yake girgizawa, za ka ga kwanson da ya rufe ƙwallon yana motsi a kansa da idonka. Sau da yawa irin wannan motar sitiyarinta yana karkarwa bayan ta faɗa rami.

Ga inda ake rikicewa: ita ma Land Rover tana da shim, a ƙarƙashin fil ɗin sama. Amma ba na kamba ba ne, na matse fil ne. Cire guda ɗaya yana kashe ɗan motsi idan cin bai yi nisa ba. Idan bushin ya riga ya tafi, cire shim ɓata lokaci ne, kuma in aka matse fiye da kima sitiyari zai yi tauri, ya daina dawowa da kansa bayan kwana.

Idan ka girgiza ba ka ji komai ba, ga ƙafa kuma a karkace, sai awo. Ajiye motar a daɓen siminti mai daidai, iskar tayoyi ɗaya. Rataya zare mai ɗan nauyi a gefen taya, ka auna tazararsa daga bakin rim na sama da na ƙasa. A rim mai inci 16, kowane digiri ɗaya kusan milimita 7 ne, ke nan lafiyayyar ƙafa samanta zai fi ƙasanta fitowa da kusan santimita ɗaya. Tura motar taya ta yi rabin juyi, ka sake aunawa. Idan lissafin ya canza, rim ne ya lanƙwashe, ka huta. Idan bai canza ba, kuma dama ta bambanta da hagu sosai, to ko guntun ƙarfen da boris yake hawa ne, ko bututun aksul kansa. Na farkon ana kwance shi da noti a sauya. Na biyun yakan zo da wasu alamu: mai yana ta yoyo a gefen duk da sabon sil, shaf yana gardamar shiga idan an zare shi.

Ni ba na goyon bayan a hura wa aksul wuta a miƙar da shi da jak a bakin titi. Yakan miƙe a ido, ya bar shaf yana gurzar sil, ƙarfen kuma ya yi laushi a inda aka gasa. Neman wani kwanson aksul a wurin masu gwangwani ya fi, amma a auna shi da zare ko miƙaƙƙen ƙarfe kafin a biya, don wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari zai iya fin naka karkata.

Yadda ka kwatanta taka, ƙafa ɗaya, ta kwanta ciki, ga shekarun motar, na fi zargin Railko da boris ɗin ƙasa. Yi gwajin birkin nan, ka faɗa mana ko motsin ya ɓace.