Lichess: da shi nike zaɓen buɗin wasa in na riƙe farare

'Yan uwa masu buga eshek, tambayar da anka fi yi mini ita ce wai in mutum ya samu farare mi ya kamata ya fara turawa, e4 (piyon na gaban sarki) ko d4 (na gaban sarauniya), kuma ina za shi koya ba tare da ya kashe kuɗi ba. Amsata ba ta canzawa, ku sauke Lichess, manhajar buga eshek da koyonshi, a portabul. Wani Bafaranshe ne Thibault Duplessis ya kafa shi a 2010, kyauta ne gaba ɗaya, ba talla ko ɗaya, da gudunmawar mutane yake tafiya. Mu nan Tawa wanga ba ƙaramin abu ba ne, don Chess.com in kana son komi ya buɗe maka sai ka yi abonma, abonma kuma galibi sai da kart ta banki, yara nawa a fada ke da ita? Shi wanga ko dala ba ka biya, forfe ɗinka kawai, kuma bai cin mega kamar bidiyo. Ana iya maida shi Faransanci ma.

Abin da ya fi kama ni shi ne wurin binciken buɗi, alamar littafi ce a gefen allon nazari. Ka tura e4, nan take ya jero maka duk amsoshin da baƙaƙe ke badawa, kowace da yawan wasannin da anka buga da ita da wani layi mai fari da toka da baƙi da ke nuna wa ya fi ci. To amma ku lura hwa, ba rumbu guda ba ne. Akwai na manya, wasannin masu maki 2200 zuwa sama tun daga 1952, akwai kuma na 'yan Lichess su kansu wanda za ka iya tacewa da maki da tsawon lokaci. Yara da yawa na manya suke buɗewa su hardace tafiya goma sha biyar ta buɗin Ruy Lopez, sai su zo fada abokin wasa ya kauce tun tafiya ta uku, shi ke nan hadda ta watse mutum ya zauna shina kallon allo shayi na hucewa. Ka saka makin da ke daidai da naka, ka ga abin da irinka ke bugawa, shi ne za ka gamu da shi gobe.

Ni dai in sabon shiga ne e4 nike ba shi, sannan buɗin Italiya: doki zuwa f3, fu (mai tafiya a karkace) zuwa c4 shina kallon f7 inda sarki kaɗai ke gadi, ka yi rok (ɓoye sarki a gefe) da wuri, ka sa c3 don ka samu tura d4 daga baya. A nan ne mutum ke koyon fitar da kaya da kai hari, wasa a buɗe, kana ganin dalilin kowace tafiya da idonka. In baƙi ya amsa da c5, wato Sisiliya, kar ka firgita, ka tura c3 irin na Alapin ka huta da dogon karatu. Wancan na fito da sarauniya h5 don a ci mutum a tafiya huɗu kuwa ku buɗe shi a Lichess ku gani da kanku, baƙi ya sa g6 ya kore ta, daga nan kora ce kawai har ya gama fito da kayanshi kai kana yawo da mace guda.

Buɗin London fa, wallahi na san za a ce na cika tsanani. d4, fu zuwa f4, e3, c3, doki f3, kusan komi abokin wasa ya yi jerinka guda ne, shi ya sa masu aiki da ba su da lokacin karatu ke sonshi kuma ban ga laifinsu ba. Ba wasan yara ba ne, Ding Liren ya ci Nepomniachtchi da shi a wasa na 6 na gasar duniya ta 2023 a Astana. Sai dai yaron da ya fara da shi kamar wanda kullum hanya guda yake bi zuwa kasuwa ne, ranar da anka tare ta bai san gari ba. Baƙi mai wayo ya tura c5 ya kawo sarauniya b6, piyon ɗinka na b2 ba mai tsaronshi tunda fu ya bar gida, can ake gane wanda ya fahimta da wanda ya jera kaya kawai.

Inda Lichess ya rage mini, lambobi yake baka, bai gaya maka dalili. Stockfish, injin nazarin da ke ciki, zai nuna ma tafiyar da ta fi amma ba zai ce don mi ba, sai ka nemi wani babba ya zauna da kai. Darussan da mutane sunka rubuta a ciki mafi yawa da Ingilishi suke, wasu masu kyau wasu shirme, ba mai tace maka. Injin kuma in ka bar shi a kunne portabul na zafi batir na zuba, ga zafin garinmu ga ɗaukewar kuran. Binciken buɗin ma sai da koneksiyon, kuma in reso na rawa kar ka taɓa wasan minti ɗaya, ka ɗauki na minti 10 ko 15.

Abu guda da mutane ba su cika lura da shi ba, akwai wurin da za ka zaɓi tambayoyin dabara na buɗin da kake bugawa kaɗai, ka ce Italiya ya yi ta kawo maka tarkunan da ke fitowa daga Italiya cikin wasannin gaske. Kuma za ka iya sa sunanka a binciken ya nuna maka wasanninka duka da farare, inda kake ci da inda ake cinka. Ka riƙe buɗi guda wata biyu ko uku kafin ka duba wancan, in ka ga Sisiliya ce ke kada kai kullum to ita za ka zauna wa, ba sai ka jefar da e4 gaba ɗaya ba.