Hitar dizal ko ta gas a karafan: ka sa ta dizal kawai

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambaya wace hita za ka sa a karafan ɗinka, wato ɗakin kwanan nan na mota, ta dizal ko ta gas. Tunda a Jabalul Lauz, dutsen nan na yankin Tabuk a Saudiyya, za ku kwana da iyali, kuma a tsakiyar Marba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, ni dai tsakanin hitar dizal da ta tukunyar gas ba ni da wata tantama. Ka sa ta dizal. Da gangan nake cewa dizal, don mu a gida shi ma gas muke ce masa, kar a je shago a sayo wani abu daban.

Tawa hunturu uku ke nan tana karafan ɗina. Ranar da ta shiga raina, mun yi kashta ne, wato fita kwana a sahara, a wajen Alƙan, arewa da Tabuk, har da Hajiyarmu da ba ta shiri da sanyi saboda ciwon gwiwa. Jaura ta kaɗa tun magariba. Da asuba na fita alwala na tarar butar da yara suka bari a waje ta zama dutse. Na dawo ciki, Hajiya ta ture farwarta, rigar sanyin nan mai gashi, gefe tana ta barci, sai da uwargida ta tashe ta salla. Har yau in za a fita, tambayarta ɗaya ce: "An gyara mini abar nan mai ƙyas-ƙyas?" Ƙarar famfon man take nufi, wadda ni ta hana ni barci a daren farko.

Wutar hitar dizal a rufaffen gida take ci, hayaƙin kuma ta salansa yake fita ƙarƙashin mota, abin da ke shigowa ɗaki busasshiyar iska ce mai ɗumi. Ni lita 2 zuwa 3 take sha mini a dare. Amma tana son batir mai rai, don lokacin tashi tana jan wajen amfiya 10 na 'yan mintoci kafin ta sauka. Kuma kar ka taɓa cire mata wuta tana cikin aiki, ka kashe da maɓallinta ka bari fankar ta huce da kanta. Dutsen da za ku ya haura mita 2,500, iska ta yi ƙaranci a can, hitar da ba a saita ta don tsauni ba sai ta riƙa tara baƙin hayaƙi har ta toshe. Ka tambayi wannan saitin kafin ka biya.

Ta gas kuwa, tana da araha, ba a huda mota, shi ke nan abin da zan iya yaba mata. Na saya na yi da-na-sani. Gilasai suka riƙa zubar da ruwa, barguna suka yi danshi, don gas in yana ci tururi yake saki. Ƙananan gwangwanayen nan na butan kuma, da sanyi ya kai sifiri sai wutar ta yi ta ja da baya. Ba a kwana da ita a rufe, haka kaskon gawayi, Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, duk shekara sai sun yi wannan gargaɗi. Ko da ta dizal ɗin ce, ka rataya na'urar da ke ƙara in gubar hayaƙi ta taru.

Hita ba ta kai wa bututun da ke ƙarƙashin mota. Ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa famfo da mahaɗa ke nan. Kafin ku kwanta ka cire tiyo, ka zubar da tankin ruwan wanke-wanke a inda ya dace, ka bar ƙofofin kabad ɗin da bututu ya bi a buɗe. Ni yanzu in zan hau dutse juye tankin nake gaba ɗaya, in shigo da jarka biyu ciki. In batirinka litiyom ne, kar ka yi masa caji yana ƙasa da sifiri.

Sai masu sayarwa. Da sanyi ya shigo suke fitowa kamar fara. Wani ya taɓa nuna mini 'yar Caina da aka manna wa tambarin kamfanin hita na Webasto, yana ta rantsuwa daga Jamus ta zo. 'Yar Caina ba laifi ba ce, tawa ma ita ce, amma a sayar maka da ita a kuɗinta. Wadda aka rubuta wa kilowat 8, sau da yawa mai 5 ce aka sauya wa takarda. Ka sa a kunna ta a gabanka, kuma ka tsaya kan bakaniken lokacin da yake ɗaura salansa, bakinta ya fita gefen mota, nesa da taga da inda hitar take shan iska.

Karafan irin naka mai 5 ta ishe shi. Ka haɗa ta mako guda kafin tafiya, ka kwana ciki a ƙofar gida ka ga ko batir zai kai asuba.