Tiyon Ban Ruwa na Ɗigo-ɗigo: Abin da Na Gani Bayan Rani Guda a Lambun Gidana

A watan Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma kuɗin 'yan garuwa ya fara yi mini nauyi, na sayi kayan ban ruwa na ɗigo-ɗigo a wani shagon kayan noma a nan Kano. Abin da ke cikin kwalin bai taka kara ya karya ba: baƙaƙen tiyo sirara masu ƙananan huji a kowane santimita 30, da babban tiyo guda wanda sauran ke rataye a jikinsa, da makunni, da 'yar matata ta roba. Duro mai cin lita 200 da karagar ƙarfen da za a ɗora shi a kai ba sa cikin ciniki, sai da na kai wa mai walda ya haɗa mini karaga mai tsayin mita ɗaya da rabi, domin nauyin ruwan da ke gangarowa daga sama shi ne ke tura shi cikin tiyon ba tare da inji ko wutar lantarki ba. Irin wannan tsari ne cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yi ta gwadawa a Sadore kusa da Yamai don masu ƙananan lambuna, saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙasa mai rairayi irin tamu.

A fangulan tumatir da alayyahu da salak, kayan sun biya kuɗinsu. Ruwan yana sauka ne a gindin shuka kaɗai, a hankali, har ya yi wani da'irar danshi mai faɗin faranti, kuma idan aka tona da yatsa sai a tarar laimar ta nutsa ƙasa sosai maimakon ta kwanta a sama rana ta shanye. Ciyawar da ke addabata a tsakanin layuka ta ragu ƙwarai tunda ba ta samun rabonta, ganyen tumatir kuma ya daina yin tabo domin ba a jiƙa shi. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, buɗe makunni da asuba da kuma bayan la'asar ya wadatar da fangulan, har da zogale da ɗan lemun tsamin da na zagaye gindinsu da tiyo guda.

Inda aikin yake shi ne matata. Ruwan rijiyar burtsatse yana tahowa da yashi mai laushi wanda ido ba ya gani a cikin bokiti, amma cikin mako biyu na lura cewa shukar da ke ƙarshen layi ta yi yaushi alhali ta farkon layi tana sheƙi. Da na kwance matatar sai na same ta cushe da laka ja, hujin ƙarshe kuwa sun toshe ƙurmus. Tun daga ranar nake wanke ta da tsohon burushin haƙori duk bayan kwana uku, ina kuma buɗe ƙarshen kowane tiyo sau ɗaya a mako ruwa ya tunkuɗo dattin waje. Dole ne a rufe bakin duron, in ba haka ba gansakuka za ta tsiro a ciki. Na kuma yi kuskuren jiƙa takin kamfa a cikin duron, sai guntun da bai narke ba ya ƙara toshe hanya. Yanzu ruɓaɓɓen takin kaji nake haɗawa da ƙasa tun kafin dashe. Ɓeraye ma sun huda tiyon wuri biyu suna neman ruwa, kuma takardar da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan yadda ake ɗinke shi ba.

Babban ƙorafina yana kan ciyawar ado da ke tsakar gida. Mai shagon ya tabbatar mini cewa tiyon zai shayar da ita, amma abin da na samu shi ne layuka kore shar da busassun layuka a tsakaninsu, kamar tabarmar da aka saƙa da kaba kala biyu. Ciyawa irin kiri-kiri tana shimfiɗuwa ne a ko'ina, don haka tana bukatar ruwan da zai game filin duka. Na kwashe tiyon daga wurin na koma ga mesa mai feshi, ina ba ta ruwa ta ƙoshi sau biyu ko uku a mako da sassafe, na kuma daina aske ta ƙasa-ƙasa, ba na yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a lokaci guda. Kafin wata ya zagayo ta murmure.

Wanda ke da fangulan kayan miya da 'yan itatuwa, kuma yake sayen ruwa ko yake tattalinsa, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya nemi matata ta biyu da 'yan mahaɗan gyara tun a shagon kafin ya biya kuɗi. Wanda ciyawar ado ce kawai damuwarsa, mesa mai kyau da almakashi mai kaifi sun fi masa amfani.