Rockwool ya gyara min rugugin bes ɗin ɗakina

Wlh na daɗe ina fama da bes, wato sautin ƙasa mai kauri, a ɗakin da nake sauraron kiɗa, in ka zauna tsakiya kamar babu shi, in ka matsa kusurwa kuma sai gum gum har kai ya yi nauyi. Da farko na lilliƙa siririn soson nan na tsotse sauti a bango, siririn sauti na sama kawai ya rage, dan tsawon zango ɗaya na sautin bes mai 100Hz (kaɗawa 100 a sakan) ya kai wajen mita 3.4, soso mai kaurin santimita 5 bazai iya dashi ba.

Sai na sayo Rockwool, wato wasu faifai masu kama da auduga da ake yi da zaren dutse, na buga firam da ragowar katako, na jera biyu biyu kaurin ya kai santimita 15, na rufe da yadi mara kauri wanda in ka hura iska tana wucewa, na girke su a kusurwoyin bayan sipika na bar ɗan fili tsakaninsu da bango. Gaskiya yanzu ina jin kowace igiyar gitar bes daban, abin ya min daɗi sosai.

Amma fa Rockwool yana sa ƙaiƙayi, ku saka safar hannu da takunkumi kafin ku yanka. Kuma baya hana ƙara fita waje, cikin ɗakin kawai yake gyarawa.